Wanda Ya Fi Ƙarfi Shi Ya Kamata Ya Tsaya Baya

'Yan'uwana ɗalibai da iyayenmu, ina so in yi magana a kan wata ɗabi'a da muke yi idan mun fita yawon keke a ƙungiya, watau gudu mu bar na baya. Ni kaina na aikata, kuma na ji kunya.

A hutun da ya wuce mu bakwai muka shirya zuwa kasuwar Wudil daga Kano ran Jumma'a, tafiyar wajen kilomita 40. A cikinmu akwai wani yaro ɗan aji ɗaya da ya aro tsohon keken babansa, ƙafarsa da ƙyar take kai feda. Da zuwa mun tafi tare. Amma da dawowa sai manyanmu suka fara tsere, ni ma na bi. Ashe tayarsa ta yi faci, ga famfo da kayan faci suna kan kariyata. Haka ya turo keken nan shi kaɗai a gefen titi, manyan motoci suna wucewa, har bayan magariba. Tun ran nan babansa ya hana shi fita da mu, kuma ban ga laifinsa ba.

Da na zauna na yi tunani, sai na ga tun daga gida muka yi kuskure. Wasu sun fito tsere, wasu sun fito ganin gari, ba wanda ya tambayi wani. Ku duba lissafin. In wani yana cin kilomita 18 a awa, wani 12, to cikin awa guda an ba shi ratar kilomita 6. Ko ihu ya yi, wa zai ji?

Kakanninmu fatake da suke zuwa Gwanja sayen goro sun fi mu dabara. Jagaba yana gaba yana duba hanya, madugu uban tafiya kuwa yana can baya, don kada a bar kowa. Saboda haka ga shawarata. Kafin a tashi a yanke ko tsere za a yi ko yawo. A ajiye wuraren da za a tsaya a jira juna. Marar ƙarfi ya bi bayan na gaba kurkusa, domin na gaba yana tare masa iska. Wanda ya fi kowa ƙarfi shi zai riƙe famfo ya tsaya ƙarshe.

Wani zai ce ai wannan tauye mai sauri ne. To, a ware masa ranar tsere da sa'o'insa, ya gwada ƙwanjinsa. Amma yaron da aka ɗauko daga gidansu amana ne, sai an mai da shi ƙofar gida tukuna tafiya ta ƙare.

Allah ya kiyaye mu a kan hanya, amin.