Kuɗin Caca a Teburin Sinuka

Daga 1976 zuwa 2005, tabar Embassy ce ta ɗauki nauyin gasar sinuka ta duniya a Ingila. Da doka ta hana tallan taba, sai kamfanonin caca suka maye gurbinta. Ni dai ba na son masu shirya gasa a unguwanninmu su bi wannan sawu, komai tsokar kuɗin. Yaron nan da ke goga alli a bakin sanda ƙarƙashin rumfar kwano, shi za a tallata wa cacar.

Maimakon haka, masu shirya gasa, ku nufi kamfanonin layin waya da na lemo. Kada ku je musu da ƙoƙon bara. Ku kai hoton cincirindon 'yan kallo, da adadin 'yan wasa, ku nuna inda tambarinsu zai fito a bidiyon wasan ƙarshe.