Ra'ayinmu: A Jiƙa Kara Kafin a Nemi Wuta

Duk wanda ya ratsa gonakin shinkafa bayan girbi ya ga hayaƙi na tashi, manoma suna ƙone karan da suka rasa yadda za su yi da shi. A cikin gari kuwa mata na sayen itace da tsada, daji yana ta zama fili. Abin da ake ƙonewa a banza can zai iya dafa tuwo a nan.

Masana sun daɗe da sanin cewa idan aka dama kashin shanu da ruwa cikin rami, aka toshe shi ruf, ƙwayoyin halitta za su ruɓar da shi su fitar da iskar gas, wadda fiye da rabinta mitan ne, mai kama wuta. Ƙasashen Indiya da Sin sun gina miliyoyin irin waɗannan ramuka a ƙauyukansu. To, amma kara da totuwa ba su ruɓewa da sauƙi. Akwai wani sinadari mai tauri a jikinsu, wai shi liginin, wanda ya lulluɓe abincin da ƙwayoyin ke nema. In aka jefa su haka nan, sai su taso kan ruwa su yi ɓawo, gas ya yi ƙaranci, mai rami ya ce an yaudare shi.

Maganin yana nan madafar iyayenmu mata. Wa bai san kanwa na nunar da wake da wuri ba? Haka ruwan toka ke sassauta liginin. A daddatse karan ƙanana, a jiƙa shi 'yan kwanaki, sa'an nan a gauraya shi da kashin shanu, domin kara shi kaɗai ba ya ƙosar da ƙwayoyin. Sai dai in toka ta yi yawa, su ma ƙwayoyin sai su kasa aiki.

Gano gwargwadon nan aikinmu ne, 'yan'uwa ɗalibai. Maimakon kundin kammala karatu da zai sha ƙura a kanta, a auna toka, a ƙidaya kwanaki, a rubuta sakamakon da Hausa yadda malamin gona zai kai shi ƙauye. Amma kada a taɓa harawa da karan dawa, abincin dabbobi ne da rani. A fara da abin da ake ƙonewa, da kuma kachalar da ta toshe hanyoyin ruwa a fadamun Haɗeja da Nguru.

Talakawa ne suka biya kuɗin karatunmu, wajibi ne su ga amfaninsa a murhunsu. Allah ya sa mu dace.