Ilimi da Sana'a: Jarrabawar Masu Kula da Uwar Garke

 

Ƴan'uwa masu karatu, a wannan fitowa za mu duƙufa a kan wata jarrabawa da ƴaƴanmu masu karatun kwamfuta ke yawan ambato, iyaye kuma su biya kuɗinta ba tare da sanin abin da ta ƙunsa ba. Ita ce jarrabawar shaidar ƙwarewa wajen kula da uwar garke. Uwar garke babbar kwamfuta ce da ba a kashewa dare da rana, wadda ke riƙe da bayanan banki ko asibiti ko kamfanin waya, sauran kwamfutoci na ɗiba daga gare ta kamar yadda unguwa ke ɗiban ruwa a rijiya guda. Wanda aka ɗora a kanta, an damƙa masa makullan dukiya da asirin dubban jama'a. Don haka ne masu ɗaukar aiki ke neman shaida kafin su miƙa masa wannan amana.

Kamfanoni da cibiyoyi na ƙasashen waje ne ke ba da waɗannan shaidu, kowa da tsarinsa. Shaidar LPIC-1, ta tsarin Linux, jarrabawa biyu ce, kowace tambaya 60 cikin minti 90, ana haye ta da maki 500 cikin 800, tana kuma aiki shekara 5. Server+ ta CompTIA ba ta wuce tambaya 90 cikin minti 90, ana neman maki 750 cikin 900. Ita kuwa RHCSA ta Red Hat babu zaɓin amsa a cikinta ko kaɗan. Za a zaunar da ɗalibi gaban na'ura kimanin awa 3, a ce ya buɗe wa ma'aikata asusu, ya raba ma'ajiyar bayanai, ya iyakance wa kowa abin da zai iya gani. Intanet a rufe take, sai dai littattafan bayani da ke cikin na'urar. Bayan ya tashi za a kashe ta a sake kunnawa, duk gyaran da bai tsaya ba ya tafi a banza. Ana neman maki 210 cikin 300. A lura kuma, Microsoft ta rufe tsoffin shaidunta na MCSA da MCSE a watan Janairu na 2021, saboda haka kada a ɓata kuɗi a kan littattafansu.

Ranar jarrabawa, a cibiya irin ta Pearson VUE, za a nemi katin shaida mai hoto, kuma dole sunan da ke jikinsa ya dace da wanda aka yi rajista da shi. Wannan ya shafe mu ƙwarai, domin mutum guda kan zama Muhammadu a wata takarda, Mahamadou a wata. Za a ɗauki hoto, a kulle waya da agogo da jaka a akwati. Ƴan'uwa mata su kwantar da hankali, ana shiga da hijabi, illa dai mai tsaro na iya dubawa. Da agogo ya fara tafiya ba ya tsayawa, sai a zaɓi lokacin da ba zai ci karo da salla ba, musamman ranar Juma'a.

Ana kuma iya yin ta a gida, mai tsaro na kallo ta kyamara. Sai an nuna masa ɗakin gaba ɗaya, kuma shigowar yaro ko muryar wani na iya jawo a soke jarrabawar. Inda wuta ke ɗaukewa, intanet na yankewa, zuwa cibiya ya fi kwanciyar rai ko da da tafiya. Mafi yawan tambayoyin da Ingilishi suke, alhali ƴaƴanmu da Faransanci suka yi lakkwal. Wajibi ne ɗalibi ya duba harshen jarrabawarsa tun kafin ya biya, ya kuma saba da kalmomin fannin.

Babban abin da muke son jan hankali a kansa shi ne tambayoyin sata. Akwai masu sayar da tambayoyin da aka kwaso daga ɗakin jarrabawa, su ce a haddace a haye. Kuɗin jarrabawar kan kai ɗaruruwan dalolin Amurka, kuma sau da yawa wanda ya faɗi sai ya sake biya, don haka ruɗin yana da ƙarfi. To amma kafin tambayar farko ɗalibi yana ɗaukar alkawarin riƙe sirrin jarrabawa, wanda aka kama kuwa ana iya ƙwace shaidarsa, a hana shi sake zama. Ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da abinci, ya sa hannu cikin tarin, ya ji jiƙaƙƙe a ɓoye a ƙasa, sai ya barranta daga duk mai algus. Takardar da babu ilimi a ƙarƙashinta irin wannan tarin ce. Ramin ƙarya ƙurarre ne: ranar da uwar garke ta tsaya, albashin ma'aikata ya maƙale, hadda ba za ta tashe ta ba.

Hanyar halal a buɗe take. Kowace cibiya na wallafa jerin abubuwan da za ta tambaya, kyauta. Linux ma kyauta ake samunsa. Ɗalibi ya ɗora shi a kan tsohuwar kwamfuta, ya ɓata, ya gyara, har hannunsa ya faɗa. Iyaye kuma kada su matsa wa yaro ya shiga kafin ya shirya, su tambaye shi sau nawa ya gwada kansa da agogo a gabansa. In ya faɗi, a duba takardar sakamako a ga inda rauninsa yake, a ƙarfafa masa gwiwa.

Allah Ya ba ƴaƴanmu ilimi mai amfani da abinci na halal, Ya sa su zama masu riƙon amana. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum.