Wuƙar Ado Ba Aikin Banza Ba Ce

Jama'a, akwai waɗansu masu cewa wuƙar da ba a yanka da ita ɓarnar ƙarfe ce kawai. Ni kam ban yarda ba, hujjata kuwa tana ƙasar Japan.

A shekarar 1876 gwamnatin ƙasar ta hana mutane yawo da takobi, ban da soja da 'yan sanda da manyan ma'aikata. Nan da nan kasuwar maƙera ta mutu. Waɗansu suka koma ƙera wuƙaƙen girki da almakashi. Bayan yaƙi, a 1945, aka hana ƙera takobi ɗungum. Da aka sake ba da izini a 1953, sai aka ce a ƙera shi domin kyansa, ba domin yaƙi ba. Ashe adon nan da a ke renawa shi ya tsare sana'ar.

To, ku dubi aikin. Daga baƙin yashi su ke samun ƙarfen, a yini uku a kwana uku ana ba shi wutar gawayi. Sa'an nan maƙeri ya buga, ya ninka, ya sake bugawa, ya ninka, fiye da sau goma. Ya shafa yumɓu, da kauri a gadon baya, kaɗan a baki, ya gasa, ya tsoma a ruwa. Zanen nan mai kama da igiyar ruwa da ke fitowa a bakin wuƙar, watau shaidar taurin ƙarfen ke nan, ba fenti ba ne. Sai mutum ya yi shekara 5 a hannun maigida kafin a ba shi lasin.

Zanen da a ke sassaƙawa ma da ma'anarsa. Ƙaton macijin almara da ya nannaɗe takobi yana haɗiye tsininsa, daga addinin Buda ya fito, alamar tsari ce. Suna kuma da labarin maƙeri Munechika, wanda aka ce yanyawa ce ta rikiɗa ta taya shi bugun ƙarfe. (Mu da dila ne malamin dajinmu, wannan ba zai ba mu mamaki ba.)

Abin da na ƙi shi ne na kanti, wanda inji ya danna wa hoton maciji, a sayar da sunan aikin hannu. Wannan shi ke karya wa maƙerin gaskiya kasuwa, gama doka ba ta bar shi ya wuce dogon takobi 2 ko gajere 3 a wata ba, inji kuwa ba ya gajiya.