Wa Zai Horar Da Malaman Ƙananan Yaranmu?

Tun shekarar 2004 dokar UBE ta shigar da kula da yaran da ba su isa shiga firamare ba cikin tsarin ilimin bai-ɗaya. Amma a ganina, har yau ajin nazare ne ake tura malamin da aka rasa yadda za a yi da shi. Masu digirinmu kuwa, in za su ƙaro karatu, fannin mulkin makarantu suke nufa, domin can kujera take. Jami'ar Ibadan ta daɗe tana bayar da digiri na biyu a ilimin ƙananan yara. Kwalejojin iliminmu na buƙatar irin waɗannan masana, waɗanda suka binciki yadda ɗan Bahaushe ke koyon magana da ƙidaya. Ya kamata gwamnatocin jihohin Arewa su keɓe wa fannin guraben tallafin karatu.