Jakadanci Sana'a Ce: Darasi Daga Rayuwar Ciroman Kano Aminu Sanusi

Kalmar jakada ta girmi Ma'aikatar Harkokin Waje nesa ba kusa ba. A tsarin sarautar ƙasar Hausa kafin zuwan Turawa, hakimai kan zauna a birni kusa da sarki, jakadunsu kuwa su riƙa kai-komo tsakaninsu da garuruwan da ke ƙarƙashinsu, suna isar da umarni, suna tattaro haraji. Babban abin da ake nema ga jakadan wancan zamani shi ne riƙon amanar ubangidansa. Da aka ɗora wa wakilin ƙasa a ƙetare wannan suna, sai tsohuwar fahimtar ta biyo shi. Har yau mutane da yawa na ɗaukar kujerar jakada a matsayin tukuicin da shugaba ke bai wa na hannun damansa. Tarihin aikin marigayi Aminu Sanusi, Ciroman Kano, ya isa ya gyara wannan kallo.

Aminu Sanusi ɗan Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na Ɗaya ne, kuma mahaifin Sanusi Lamido Sanusi. Yana cikin jami'ai goma sha biyu na farko da aka ɗauka a 1957 domin kafa harsashin aikin diflomasiyyar Nijeriya, shekara uku kafin samun 'yancin kai. Ya wakilci ƙasar a Beljiyam da Kanada da Sin, daga bisani ya zama Babban Sakataren ma'aikatar. Abin lura shi ne, gatan gidan sarauta bai ɗauke masa hawa matakala ba. Ya shiga aikin yana jami'i mai koyo, ya sha fama da fayil da rahoto, kafin ya kai ga miƙa takardun kama aiki a fadar shugabannin wasu ƙasashe.

Dalilin wannan dogon horo a fili yake. Yarjejeniyar Biyana ta 1961 ta zayyana ayyukan ofishin jakadanci: wakiltar ƙasa, da kare muradunta da na 'yan ƙasarta, da tattaunawa da gwamnatin masu masauki, da bibiyar al'amura ta halastacciyar hanya tare da aika rahoto gida, da ƙarfafa zumunci. Kowane ɗaya daga cikinsu na bukatar sanin makama. Wanda ya zauna a Burusal, cibiyar ƙungiyar kasuwancin Turai, dole ya laƙanci harshen yarjejeniyoyin ciniki. Wanda aka tura Sin, wadda Nijeriya ta ƙulla hulɗa da ita a 1971, sai ya iya karanta abin da gwamnati mai ƙarancin magana ke nufi da shirunta. Irin wannan ilimi ba a samun sa a taron bita na mako biyu.

Za a iya kawo hujja da Ɗanmasanin Kano, Yusuf Maitama Sule, ɗan siyasar da aka naɗa wakilin Nijeriya a Majalisar Ɗinkin Duniya a 1981, ya jagoranci kwamitinta na yaƙi da wariyar launin fata, ya kuma fitar da ƙasar kunya. Hujja ce mai ƙarfi. Sashe na 171 na Tsarin Mulkin 1999 ma ya bai wa Shugaban Ƙasa ikon naɗa jakadu bisa amincewar Majalisar Dattawa, bai taƙaita zaɓin ga ma'aikatan diflomasiyya ba. Sai dai Ɗanmasani ya je New York da gogewar majalisa da ta minista tun Jamhuriya ta Farko, kuma a bayansa akwai jami'an da ke tsara takardu suna kiyaye tarihin kowace muhawara. Samun irinsa sa'a ce, ƙasa kuwa ba ta gina manufofinta a kan sa'a.

Abin da ya faru a baya-bayan nan ya ƙara tabbatar da haka. A watan Satumba na 2023 gwamnati ta kira jakadunta gida, aka kuma shafe fiye da shekara biyu kafin a gabatar da sunayen magadansu. Jami'an ma'aikatar ne suka riƙe ofisoshin a matsayin muƙaddasai, alhali muƙaddashi ba ya samun ganin shugabanni kamar yadda cikakken jakada ke samu. Jami'in da ya yi shekara talatin yana jiran wannan matsayi na iya yin ritaya bai taɓa shi ba, ya tafi da iliminsa.

Akwai aikin da ya rataya a wuyan masu nazarin Hausa a nan. John Mamman Garba, abokin aikin Ciroma cikin goma sha biyun nan, ya wallafa tarihin aikinsa da Ingilishi. Tsofaffin jakadu Hausawa da ke raye sun cancanci a zauna da su, a naɗi bayaninsu da Hausa, a taskace kalmomin sana'arsu. Ta haka ɗalibi zai gane cewa jakadan yau amanar ƙasa yake ɗauke da ita, kuma ɗaukarta sai an koya.