Ba Fanko Ke Ja Ba, Iska Ce Ke Turawa

Har yanzu akwai malaman da ke gaya wa ɗalibai cewa wurin da aka kwashe wa iska, wato fanko, yana "tsotsar" abin da ke kusa da shi. Wannan magana kuskure ce, ya kamata kuma a daina ta, domin abin da babu shi ba shi da hannun da zai ja wani abu.

A dubi wanzami idan yana ƙaho. Da ya zuƙe iskar ciki ya liƙe tsinin, sai fata ta kumbura ta shiga. Iskar duniya tana danne jiki ta ko'ina da nauyin kusan kilo 1 a kan kowane murabba'in santimita. Da aka rage ta a wuri guda, sai dannin sauran wuraren ya tura fata da jini can.

An daɗe da warware wannan. A wajen 1643 Torricelli, ɗan Italiya, ya cika dogon bututun gilashi da zaiba, ya kife shi cikin kwanon zaiba. Zaibar ta sauko ta tsaya a tsawon santimita 76, ta bar fanko a samanta. A 1648 Pascal ya sa aka hau dutsen Puy de Dôme na Faransa da irin wannan bututu, sai zaibar ta ƙara sauka da kimanin santimita 8. Fankon yana nan yadda yake. Iskar da ke danna zaibar kwanon ce ta ragu a kan dutse. Ɗalibin da aka koya wa "tsotsa" ba zai iya bayyana wannan ba, haka kuma ba zai gane abin da ya sa famfon da ke zuƙo ruwa daga bakin rijiya yake gazawa idan zurfin ya wuce mita 10 ba, komai ƙarfin injinsa.

Shi kansa fankon ba ya rasa komai ɗungurungum. A saman zaibar Torricelli akwai ɗan tururinta. A sararin da ke tsakanin taurari ma, akan sami kimanin ƙwayar zarra 1 a gurbin da bai wuce kan ɗan yatsa ba, haske kuma yana ratsa shi, ko da yake sauti ba ya iyawa.